Kwana 48 kafin hoton kai: jinin da ya kwanta wa wani dattijo a ƙasar Daura

Asalin mara lafiya

Dattijo ne mai kimanin shekara 68, manomi kuma dillalin dabbobi, daga wani ƙauye a ƙasar Daura. Matansa biyu, 'ya'yansa duk sun girma, babban cikinsu yana sana'a a Fatakwal. Ya daɗe da sanin yana da hawan jini, amma ba ya shan magani sai ranar da kai ya sara. Ba a taɓa ce masa yana da ciwon suga ba, bai taɓa farfaɗiya ba, kuma badame ne. A kasuwa an san shi da lissafi: cinikin raguna goma na mutane daban-daban yana riƙe shi a ka, ba biro ba takarda. An haɗa wannan bayani daga takardun jinyarsa da bakin iyalinsa, an sakaya sunansa da ƙauyensu da asibitocin da ya ratsa.

Rana ta 1: kasuwa

Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'adua, saura kamar mako biyu Babbar Sallah. Ana loda raguna a mota, wani ƙato ya fizge igiya, dattijon ya tafi da baya, gefen kansa na hagu ya bugi ƙarfen bodi. Bai suma ba. Ya ɗan zauna, yaron da ke kora masa dabbobi ya kawo ruwa ya wanke fuska, ya gyara hula aka ci gaba da ciniki. Ba jini, sai ɗan ƙulu da ya sace cikin kwana biyu. Bai faɗa wa kowa a gida ba. Ya yi Sallah lafiya, shi ya yanka layyarsa da hannunsa.

Mako na 3 zuwa na 5: ciwon kai da ɓatan lissafi

Bayan Sallah da 'yan kwanaki kai ya fara ciwo. Ya fi matsa masa da asuba, sannan idan ya yi sujada sai ya ji kamar kan zai tsage. A gida aka ce naman Sallah ne ya tayar da hawan jini. Damina ta sauka, sauro ya yi yawa, saboda haka da aka je kemis sai aka yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro ta kwana uku, aka haɗa da maganin taifot da diklofenak na kashe ciwo. Ba wanda ya auna zafin jikinsa, shi ma bai ce yana zazzaɓi ba.

A mako na huɗu uwargidansa ta lura yana maimaita raka'a, wani lokaci kuma ya sallame a ta uku. Ya biya wani mutum kuɗin rago guda sau biyu, mutumin ne ya dawo da rarar. Ya rage magana. Abin da ya fi rikita iyalin shi ne rashin tsayawar abin wuri ɗaya: yau ya tashi garau har ya leƙa gona, gobe ya yini a zaure yana kallon bango. Ciwon da ke zuwa yana tafiya haka, ga mutumin kasuwa da ba ya rasa mahassada, sai hankali ya koma kan iska ko sammu. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Ya ce ya ji sakayau na yini guda, sannan ciwon ya dawo.

Rana ta 36 zuwa ta 46: an ce shanyewar ɓarin jiki ce

A rana ta 36 takalminsa na dama ya riƙa zamewa yana tafiya bai sani ba, buta ta suɓuce masa sau biyu wajen alwala. Magana ma ta canza: ya san abin da yake so, ya nuna shi da hannu, amma sunan ya ƙi zuwa. Aka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi. Awon jini 165 bisa 95. Dattijo, mai hawan jini, ɓarin dama ya yi rauni, harshe ya yi nauyi. Aka rubuta shanyewar ɓarin jiki, aka ba shi gado, aka fara asfirin miligiram 75 kullum don hana jini daskarewa, da amlodifin na hawan jini, da allurar deksametason mai rage kumburi. Ba a yi hoton kai ba, ba a kuma rubuta a je a yi ba.

A rana ta 38 ya ji sauƙi ƙwarai. Ya ci tuwo da hannunsa, ya kira sunayen jikokinsa. A rana ta 40 aka sallame shi da asfirin da ƙwayar deksametason, aka ce a riƙa gasa masa ƙafa da hannu.

Sauƙin bai kai mako ba. Daga rana ta 43 barci ya yi yawa, sai an tashe shi cin abinci. Ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya fara zubo masa a kwance. Dangi suka fara zuwa dubiya irin wadda ake yi da neman gafara. Ƙanensa ne ya tsaya a kan a sake gwada asibiti.

Rana ta 47: asibitin gwamnati

Likitan da ya karɓe shi ya auna farkawarsa da ma'aunin Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fito da shi a 1974. Ana duba abu uku, buɗe ido da magana da motsi, jimlar maki daga 3 zuwa 15. Dattijon ya sami 12: ba ya buɗe ido sai an kira shi, kalmominsa a warwatse, amma yana bin umarni da hannun hagu. Ƙarfin hannun dama 3 cikin 5, na ƙafa 2 cikin 5. Ɗigon tsakiyar idanunsa daidai suke, suna tsukewa idan an haska tocila. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Suga ya hau 14, abin da ya bayyana ƙishirwar da yawan fitsarin.

Likitan ya rubuta cewa labarin bai yi kama da shanyewar ɓarin jiki ba. Ita takan faɗo ne lokaci guda, mutum ya kwanta lafiya ya tashi ɓari ba ya motsi. Wannan kuwa ya yi mako huɗu yana rarrafowa, ciwon kai a gaba, ruɗewa a tsakiya, rauni a ƙarshe, yana kuma hawa da sauka. Ya tambayi matan biyu da ƙanen ko ya taɓa faɗuwa ko buge kai.

"Wallahi likita, Yaya bai faɗi ba," in ji ƙanen. "Da ya faɗi da mun sani."

Da la'asar yaron kasuwar ya kawo kwanon abinci, likitan ya sake jefa tambayar.

"Ranka ya daɗe, ai ran kasuwa kafin Sallah rago ya kayar da Baba Alhaji, kansa ya bugi mota."

"Kai, abin da ya fi wata ɗaya da rabi?" ƙanen ya daka masa tsawa.

"Ƙyale shi, Alhaji," in ji likitan. "Shi nake nema tun safe."

Nan take aka tsayar da asfirin da diklofenak, aka fara janye deksametason saboda yana tayar da suga, aka sa insulin, aka sa robar fitsari, aka rubuta takardar tura shi Katsina don hoton kai. Asfirin na ƙarshe ya sha shi da safiyar ranar. Tafiyar ba ta yiwu a daren ba, sai da aka jinginar da raguna biyu aka haɗa kuɗin mota da na hoto.

Rana ta 48: Katsina

An tashi ƙarfe 9:30 na safe, ta Mashi, tafiyar kilomita kusan 80, da ma'aikacin jinya a motar. An yi hoton siti-sikan ƙarfe 2 na rana a wani babban asibiti mai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Hoton ya nuna tsohon jini kwance a ɓangaren hagu, tsakanin ƙwaƙwalwa da tantani mai tauri da ke lulluɓe da ita, kaurinsa milimita 24. Ya ture tsakiyar ƙwaƙwalwa zuwa dama da milimita 11. Yawancinsa baƙi ne a hoton, alamar ya tsufa ya narke, amma akwai wani fari-fari a ciki, wanda ke nuna sabon jini ya zuba a kwanakin baya. Babu alamar toshewar jijiya a cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Yadda abin ke faruwa shi ne, da shekaru ƙwaƙwalwa kan ɗan motse, sarari ya samu tsakaninta da ƙoƙon kai. Akwai siraran jijiyoyin jini da ke tsallaka wannan sarari, kuma motsewar na sa su miƙe tantsan. Bugun da matashi ba zai ko tuna da shi ba ya isa ya tsinka guda. Jinin irin wannan jijiya a hankali yake tsiyaya, ga kuma wurin da zai zauna, shi ya sa mutum kan yi makonni lafiya lau. Daga nan jiki ya saƙa wa jinin wani tantani mai cike da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su kuma su riƙa yoyo, tarin ya yi ta ƙaruwa. Ƙoƙon kan babba ba ya buɗewa, don haka duk abin da ya ƙaru a ciki ƙwaƙwalwa yake matsewa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin kusan duk badame nan ne mazaunin magana. Ƙafar dama da ɓatan sunaye daga wuri ɗaya suka fito.

Likitan tiyata ya ce a yi aiki a ranar. Kauri sama da milimita 10, ko turewa sama da milimita 5, ga mutumin da ke da alamu, ba abin jira ba ne. Ya san asfirin na raunana ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare har kwana 7 zuwa 10, amma ya ga kan ba zai ba da wannan lokaci ba. Aka ɗebi jinin 'yan'uwa biyu aka ajiye. Ya nuna wa ƙanen hoton, ya ce hudawa biyu za a yi, kowace ba ta kai faɗin babban yatsa ba, ba za a taɓa ƙwaƙwalwar ba.

Ƙanen ya yarda a ransa, amma ya ce ba zai sa hannu ba sai da izinin babban ɗa. Aka kira Fatakwal. Ɗan ya ce a dakata ya iso, ba za a buɗe wa Baba kai ba ya nan ba, kuma an gaya masa mai shanyewar ɓarin jiki gashi yake bukata. Tafiyarsa a mota ta fi yini da kwana. Aka kwantar da dattijon kusa da teburin ma'aikatan jinya, aka hana shi ci da sha, aka rubuta a duba shi kowace awa: makin farkawa, idanu, bugun zuciya, awon jini.

Daren rana ta 48 zuwa asuba

Ƙarfe 8 na dare maki 12. Ƙarfe 11 maki 11. Ƙarfe 3 na dare nas ɗin da ke aiki ta same shi yana munshari irin wanda masu jinya suka ɗauka barci ne mai daɗi. Ta kira shi bai buɗe ido ba sai da ta matsa farce. Maki 9. Ɗigon idon hagu ya buɗe zuwa milimita 5, da ƙyar yake amsa haske, na dama yana 3. Bugun zuciya ya sauka 54, awon jini ya hau 185 bisa 100. Ɗigon idon da ya buɗe na nufin gefen ƙwaƙwalwa ya fara zamewa ƙasa yana danne jijiyar da ke tsuke ido. Hawan jini tare da saukar bugun zuciya kuwa alama ce matsin ya kai ga gindin ƙwaƙwalwa, inda numfashi yake. Ta kira likita, ba ta jira zagayen safe ba.

Aka sa masa iskar oksijin, aka ba shi manitol, maganin rage matsi a cikin kai, giram 30 ta jijiya don a sayi ɗan lokaci, ba a yi yunƙurin sauke hawan jinin ba, domin a wannan hali shi ke tura jini cikin ƙwaƙwalwar da ke matse. Likitan ya gaya wa iyalin cewa da wuya ya kai hantsi. Aka sake kiran ɗan da ke Fatakwal, uwargidan ce ta karɓi wayar.

"Ni na zauna da ubanka shekara arba'in. In ya mutu a hannun likita, ka ɗora mini. Kawunka zai sa hannu yanzu."

An shiga ɗakin tiyata ƙarfe 4:40. Mai irin wannan ciwo idan yana cikin hayyacinsa ana iya yi masa aikin da allurar kashe wuri kawai. Shi ya wuce nan, ba zai iya kare hanyar numfashinsa ba, sai aka sa shi barci aka zura bututun numfashi. Aka huda ƙoƙon kai wuri biyu a hagu, ɗaya gaba ɗaya baya. Da aka tsaga tantanin, ruwa ya yi tsartuwa da ƙarfi, baƙi sitik kamar man da aka juye daga tsohon inji. Aka yi ta wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi har ya fito fari, aka bar siririyar roba a ciki don ta tsane saura, aka ɗinke. Fatar kai ta yi yoyo fiye da yadda aka saba, amma ba a kai ga ƙarin jini ba. Aikin ya ci minti 50.

Bayan tiyata

Kafin a fito da shi idanun sun daidaita. Da la'asar maki 13. Washegari 15, yana ɗaga hannun dama, ya tambayi wanda ya ba da izinin taɓa ragunansa. An bar shi kwance ba matashi, ana ba shi ruwa isasshe, don ƙwaƙwalwar ta buɗe ta cike gurbin. Robar da aka bari a kan ta fitar da kimanin mililita 180, aka cire ta bayan awa 48.

A kwana na uku hannun dama da gefen bakinsa suka yi jijjiga ta kusan minti biyu. Aka duba suga da gishirin jini, duk lafiya, aka fara maganin farfaɗiya, ba ta sake dawowa ba. Suga ya sauka da kansa bayan an gama janye deksametason, aka daina insulin. An sallame shi a kwana na bakwai yana tafiya da sanda, da gargaɗin kada ya sha asfirin ko diklofenak, ciwon kai sai farasitamol. An cire zare a kwana na goma.

A mako na uku bayan aikin ciwon kai ya dawo. Wannan karon a ranar aka kawo shi. Sabon hoto ya nuna saura mai kaurin milimita 9, turewa milimita 3, maki 15, ba rauni. Irin wannan jini na sake taruwa har a koma tiyata a wajen mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma, amma sauran ruwa a hoto kaɗai ba dalilin sake huda kai ba ne idan mutum na samun sauƙi. Aka zaɓi sa ido, duba kowane mako. Hoton mako na takwas ya nuna ya kusa ƙarewa. A wata na uku ya ajiye sanda, yana sallah a tsaye, ya koma kasuwa tare da ɗansa na biyu, an hana shi riƙe igiya. Lissafin ka bai dawo kamar da ba, yanzu da littafi yake yawo.

Hukunci

Mutane da yawa za su fara ɗora laifin jinkiri kan ƙaho da ruƙiyya. Lissafin kwanakin bai goyi bayan haka ba. Sun ci kamar mako guda, a lokacin da ko asibiti aka je da wuya a tura shi hoto. Asarar da ta fi tsada ita ce kwana 12 tsakanin rana ta 36 da ta 48, kuma a hannun masu farar riga aka yi ta. Da aka rubuta shanyewar ɓarin jiki, kowa ya daina tambaya, har ɗan da ke Fatakwal da wannan suna ya kafa hujjar ƙin tiyata.

Asfirin kafin hoto caca ce ko da zaton ya yi daidai. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda aka buga a 2018, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki jini ne ya fashe musu, ba toshewa ba. Hannu da ido ba sa rarrabe biyun. A wannan dattijo, farin da aka gani a hoto ya dace da kwanakin da ya yi yana shan asfirin a kan diklofenak. Deksametason kuma ya rage kumburi na 'yan kwanaki, ya ba da sauƙin da ya sa aka sallame shi, ya bar shi da suga 14. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2020, ya nuna masu irin wannan jini da aka ba deksametason sun rage komawa tiyata, amma a wata shida sakamakonsu ya fi na waɗanda ba a ba ba muni.

Abin da ya yi aiki bai da tsada. Likitan rana ta 47 ya bi jerin alamun daki-daki, ya kuma maimaita tambayar faɗuwa ga wanda ba ɗan gida ba, domin mai ciwon ya manta, iyali kuma ba su je kasuwa ba. Ko da yaron bai zo ba, labarin kaɗai ya isa a nemi hoto, tunda da yawa daga masu wannan ciwo ba a taɓa gano bugun da ya jawo shi. Nas ɗin dare ta yi awon ƙarfe 3 da gaske, da tocila, ba cike takarda ba. Robar da aka bari a kai ma ba al'ada ba ce kawai: gwajin da aka yi a Kambirij ta Birtaniya, wanda ya fito a 2009, ya samu dawowar jinin kashi 9 cikin 100 idan an sa ta, kashi 24 idan ba a sa ba. Akwai kuma sa'ar samun likitan a Katsina a daren. Da sai an wuce Kano ko Zariya ko Sakkwato bayan ɗigon ido ya buɗe ƙarfe 3, ba na jin zai isa.

Awa 14 na jiran izini su ne abin da ya fi tsaya mini. Dattijo ba ya cikin hayyacinsa, ƙanensa da matansa suna wurin, amma maganar na hannun wanda bai ga hoton ba. A ganina tun ƙarfe 3 na rana ya kamata a tura wa ɗan hoton a waya, likitan tiyata ya yi magana da shi baki da baki, a kuma sa uwargidan cikin shawarar tun farko maimakon a bar ta a baranda. Da an samu sa hannu a lokacin, da an yi aikin da rana, mai yiwuwa da allurar kashe wuri, ba manitol ba bututun numfashi, kuma ƙwaƙwalwar ba ta kai ga danne jijiyar ido ba.